Ranar da Na Kulle Zakaran Gwaggo a But

Jama'a, kafin wani ya fara yi mini wa'azi a ƙasan rubutun nan, bari in riga ku faɗa: ni na rufe but ɗin motar. Ni, Shamira Namutebi, da hannuna na dama wanda aka ɓata awa biyu ana zana masa lalle. Ku adana wannan a ranku, domin a tsakar gidan Gwaggo an daɗe kafin a kai ga gaskiyar.

Shekarata ashirin da tara, ina aiki a kantin magani a Kawempe, nan cikin Kampala, ina ci da kaina, har in aika gida. Amma a danginmu duk wannan ba aiki ba ne. Aiki shi ne ki kawo miji, kuma ba a kai shi wurin uba kai tsaye, sai ya fara biyowa ta falon ƙanwar uba. Tawa ita ce Gwaggo Nansubuga, wadda ta yi shekara ashirin da biyu tana sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Kisekka kafin gwiwa ta zaunar da ita. Idan ta ce mutum ya yi, ya yi. Idan ta taɓe baki, ko limami ne sai ya koma gida.

Bara Rehema, 'yar ƙanin Babanmu, ta kawo nata. Da jibgegiyar mota ya zo, irin wadda sai an ɗage zani kafin a hau. Tun daga ranar Gwaggo ba ta da zance sai tayoyin motar nan. Ko gaisuwa na kira in yi, sai ta ce, "Lafiya lau 'yata. Kin san kuwa sai da aka cire ƙyauren gida kafin motar mijin Rehema ta shiga?"

Shi ya sa ranar da ta tambaye ni, "To shi wannan naki, da me yake yawo?" bakina ya riga hankalina.

"Da mota mana, Gwaggo."

Saurayin nawa, Twaha Lubega, malamin lissafi ne a wata sakandare a Bwaise. Babur gare shi, ja, wanda sai an lallaɓa shi da safe kamar jariri. Mutum ne da ko canji aka ƙara masa a shago sai ya koma ya mayar. Da na gaya masa abin da na yi, ya dube ni ya ce:

"Shamira, wace irin mota kika saya mini?"

"Fara. Ban faɗi suna ba."

"To alhamdu lillahi da kika rage mini aiki."

Kwana uku muna wannan rigima a waya. Shi yana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, ni ina tura masa hoton fuska mai hawaye. A ƙarshe ya je ya durƙusa wa mai gidan da yake haya, Hajji Ssemakula, ya ba shi aron tsohuwar motarsa fara, ta wuni ɗaya tak, da gargaɗin ko ƙuda kada ya sauka a kanta.

Ni na rubuta jerin kayan da zai kawo: buhun sukari, katan ɗin sabulu, man girki, cinyar sa, ganyen shayi, yadin Gwaggo. Na ƙara da zakara. Ba a saba kawo zakara a zuwan farko ba, amma mijin Rehema ya kawo akuya, ni kuwa ba zan yarda a ce namu bai kawo abu mai numfashi ba.

Ranar Asabar tun da safe gidan ya ɗauki ƙamshi. An naɗe matoke, wato ɗanyar ayabar da muke dafawa, a ganyen ayaba yana turara, kaji huɗu su ma a nasu ganyen, ga miyar gyaɗa, ga shinkafa. An cire ledar da ke kan kujerun falo, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Na sa gomesi, doguwar rigarmu ta biki, ruwan zuma mai kafaɗu tsaye kamar kunnen zomo, na ɗaure ƙugu da ɗamara mai ruwan gwal wadda ta sauka har gwiwa. Numfashi ma sai na nemi izini.

Ƙarfe goma sha biyu da rabi suka iso. Na leƙa ta labulen kicin. Motar ta shigo a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai. Twaha ya fito cikin farin kanzu, doguwar rigar maza, da baƙar kwat, ya yi kyau har na ji tausayinsa. Bayansa yayansa Badru, wanda zai yi magana a madadinsa, yana kaɗa hannu wa maƙwabta kamar ɗan takara.

Na ga Twaha ya kulle ƙofofi, ya zagaya ya buɗe but da makulli, ya sunkuya yana gyara ɗaurin ƙafar zakaran. Sai ya sauke murfin bai danna ba, ya bar 'yar kafa don iska ta shiga. Sai an ci abinci an yi magana tukuna za a shigo da kaya.

Wayata ta yi ƙara. Saƙon Twaha ne.

"Mun iso."

Na mayar masa: "Wane irin yadi ka saya?"

"Mai kyau."

"Wace kala?"

Shiru. An riga an shigar da su falo.

To ku gaya mini, wace mace ce za ta ji "mai kyau" daga bakin malamin lissafi ta zauna lafiya? Gwaggo ba ta sa kore, tun da aka yi mata sata ranar da ta sa kore. Na tattare gomesi, na bi ta ƙofar baya, na zagaya ta bayan tankin ruwa, na ɗaga murfin but ɗin. Yadin shuɗi ne, alhamdu lillahi. Zakaran kuwa ƙato, ja, ya kalle ni da ido ɗaya kamar ya san halina. Ina cikin taɓa yadin sai na ji muryar Gwaggo daga ciki.

"Shamira! Ina yarinyar nan ta shiga? A zo a gaida baƙi!"

Na firgita, na danna murfin da ƙarfi. Ƙwas! A daidai lokacin da yake sauka idona ya hango wani abu yana ƙyalli a kan buhun sukari, da ɗan carbi a jikinsa.

Makullin.

Na ja murfin. Ko motsi. Na ja ƙofar direba. Na ja ta baya. Na ce innalillahi sau uku, na koma ta inda na fito, na wanke hannu, na shiga falo na durƙusa na gaida baƙi da murya kamar ta wadda ba ta taɓa kashe ko sauro ba.

An ci abinci. Ni dai ban san abin da na zuba wa kowa ba. Badru ya ci kaza ɗaya da rabi, yana ci yana zuba.

"Ai Gwaggo, ƙanin nan nawa ba ya son nuna arziki. Wannan motar ma ta zuwa kasuwa ce. Ko ba haka ba, Twaha?"

Twaha ya ƙware da ruwa.

"Allah sarki," in ji Gwaggo, tana kallon motar ta taga. "Ta kasuwa."

Da aka kwashe kwanuka, Badru ya gyara murya ya yi jawabin da ya kwana biyu yana haddacewa, cewa sun ga wani fure a lambun gidan nan. Sannan ya ce bari a shigo da ɗan abin da suka riƙo. Twaha ya tashi yana laluben aljihun kwat. Na dama. Na hagu. Na ciki. Ya fita. Ina tsaye a bakin kicin na ga ya tsaya a bayan motar, ya dafa murfin, ya runtse ido. Sai ya ɗago ya kalli tagar kicin. Ni kuwa na shiga goge tukunyar da na riga na goge.

Kafin minti biyar kowa ya fito tsakar gida.

"Wa ya rufe?" in ji Badru. "Ai da idona na ga ka bar shi a buɗe!"

Twaha ya ce, "Ni ne. Na manta na danna."

Wallahi ina tsaye ina jinsa. Amma ban ce komai ba. Ku zage ni, na cancanta.

An kawo wa Gwaggo kujerar roba, ta zauna a inuwar mangwaro, ta miƙe ƙafa kamar mai kallon wasa.

"Abu mai sauƙi, ɗana. Mai mota ai ba ya rasa makulli na biyu. Yana ina?"

Badru ya cafe. "Yana Entebbe! A ɗaya gidan."

"Au, har da ɗaya gidan. To a aika ɗan acaɓa mana."

"Ai... mai gadin ya tafi jana'iza da makullin ɗakin."

"Allah ya ji ƙan musulmi," in ji Gwaggo.

Daga cikin but ɗin zakara ya yi cara, wata irin cara ta wanda aka zalunta. Ita ta jawo maƙwabta. Na farkon shigowa shi ne Mzee Kateregga, tsohon da ke gidan kusa, wanda bai taɓa tuƙa ko amalanke ba amma ba abin da bai sani ba game da mota.

"Ku matsa, ku matsa. Wannan ƙaramin abu ne. A ba ni hangar rataye riga, ta waya."

Aka ba shi hanga. Ya warware ta, ya cusa ta gefen gilashi, ya yi ta zungura yana cije leɓe. Abin da ya fito da shi kawai shi ne robar gilashin, tsawon kamu biyu. Twaha ya kalli robar kamar an zare masa hanji.

Wata mata ta ce a kira mai yankan makulli. Aka kira, ya ce yana ɗaurin aure a Mukono, sai bayan la'asar. Wani ya ce a gwada makullin kowace mota a layin, wai wani lokaci ana dace. Aka gwada har da na kwaɗon shagon mai gawayi. Wani saurayi ya ce ya gani a waya ana buɗewa da ƙwallon tanis. Aka rasa ƙwallo, aka kawo lemo.

Rana kuwa ta take. Murfin but ɗin ya yi zafin da za a iya soya ƙwai a kai. Ƙudaje suka fara taruwa a bakinsa, sun ji labarin cinyar sa.

Na koma kicin na rubuta wa Twaha: "Don Allah kada ka faɗa."

Ya duba, ya rubuto: "Wanne daga ciki?"

"Duka biyun."

Ya amsa: "Zakaran ya daina cara, Shamira."

Na kasa kunne. Gaskiya ne. Sai wani ɗan gurnani can ƙasa-ƙasa. Jama'a, a gidanmu idan abu mai rai ya mutu a hannun mai neman aure ranar zuwansa na farko, har jikokinsa sai sun ji labari. Za a ce ƙafarsa ba ta da kyau. Gwaggo ba za ta kai maganarsa gaban Baba ba ko da zai dawo da jirgin sama.

Da na fito, Mzee Kateregga ya riga ya ɗauko rabin bulo.

"Magana ta ƙare. A fasa ɗan ƙaramin gilashin nan na baya. Ai ba tsada."

"A fasa!" in ji Badru, yana share gumi. "Mene ne gilashi a wurinmu? Gobe ma sai mu canza motar gaba ɗaya."

Tsohon ya ɗaga bulo. Sai Twaha ya shiga tsakaninsa da motar, ya ware hannuwa.

"Kada a fasa."

"Kai, matsa mana," in ji Badru, yana ƙifta masa ido.

"Yaya, ya isa." Ya juya wurin Gwaggo, ya cire hularsa, ya durƙusa a kan ƙasar nan da farin kanzunsa. "Gwaggo, ki gafarce ni. Motar nan ba tawa ba ce. Aro na yi, kuma amana ce, ba zan bari a fasa ba. Ba ni da gida a Entebbe. Babur gare ni, sai albashin malami. Abin da ke cikin but ɗin ne kawai nawa, shi ma ga yadda na yi da shi."

Matar da ta ce a kira mai makulli ta ce "Oh-oh," a hankali, irin wadda ke nufin kafin magariba labari ya kai Bwaise. Badru ya shiga duba wayarsa kamar an turo masa saƙon gaggawa. Ni kuwa na ji kafaɗun gomesina sun yi mini nauyi.

Gwaggo ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Ke Shamira. Kawo mini muciya, da igiyar shanya, siririyar."

Na kawo. Ta ture Mzee Kateregga da gwiwar hannu.

"Matsa, malam. Ka yi ɓarnar da za ka iya."

Ta naɗe bakin muciyar da tsumma, ta cusa a saman ƙofar direba, ta ɗan banƙara har kafa ta samu. Ta yi wa igiyar zarge a tsakiya, ta zura ta kafar, tana ja dama tana ja hagu, harshenta a gefen baki. Zargen ya sauka a kan ɗan maɓallin kulle ƙofa. Ya zame. Ta yi tsaki. Ya sake zamewa. A karo na uku ya kama, ta tsuke, ta ja sama. Ƙwas!

Motar ta ɓarke da ihu, fitilu na walƙiya, karnukan layin suka amsa. Mutane suka hau tafi. Badru ya yi wuf ya shige, ya ja ɗan mariƙin buɗe but da ke gefen kujerar direba. Ya ja, ya sake ja. Babu abin da ya motsa.

"Bar wahalar da kanka," in ji Gwaggo cikin ƙarar. "Wayar ta tsinke. Shekara uku ke nan ina gaya wa Hajji Ssemakula ya canza ta, maƙonsa ya hana shi."

Twaha ya ɗago kai daga inda yake durƙushe.

"Gwaggo... kin san shi?"

"Na san shi? Fitilar bayan nan ta hagu ni na sayar masa. Madubin nan ma. Tun kuna shan kwanar layi na gane ta da tarin da take yi." Ta kalli Badru. "Ta zuwa kasuwa."

Badru ya fito daga motar a hankali, ya koma bayan mangwaro.

Gwaggo ta buɗe ƙofar baya, ta sauke matashin da ke tsakiyar kujera. A bayansa akwai wata 'yar taga da ke leƙa cikin but, faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba. Ta tura ta, wani zafi da warin ɗanyen nama da kashin kaza suka bugo.

"Saura mai siririn hannu," ta ce.

Twaha ya fara naɗe hannun riga.

"A'a, ɗana, zauna. Hannun da ya rufe shi zai buɗe." Ba ta ko juyo ba. "Shamira, bismillah. Tagar ɗakina tana kallon tankin ruwa, in kin manta."

Na hau kujerar baya da gwiwa, a gaban maƙwabta, a gaban mai neman aurena, ɗamarar gwal tana jan ƙasa. Na zura hannu har kafaɗa, kuncina manne da kujera. Na taɓa katan ɗin sabulu. Na taɓa wani abu mai laushi da danshi, cinyar sa. Na taɓa buhu, na bi shi da yatsu, sai na ji ƙwayoyin carbi.

A nan ne zakaran, wanda duk muka ɗauka yana gargara, ya tuna da fuskata. Ya sare ni a bayan hannu. Na ƙwalla ƙara. Ya ƙara. Na ce, "Wayyo Gwaggo, zai cinye ni!"

"Yana da rai ke nan, alhamdu lillahi. Kada ki saki makullin."

Na zaro hannu da makulli a ciki. Lallen ya haɗu da jinin nama da nawa, kafaɗar gomesi ɗaya ta kwanta kamar kunnen akuya. Twaha ya karɓa, ya kashe ihun motar, ya buɗe but. Zakaran ya tsinke ɗaurinsa ya yi tsalle ya fito, ya bi ta kan Mzee Kateregga, ya haye katanga. Har yanzu da nake rubutun nan yana gidan maƙwabta, an ce ya riga ya kori zakaransu.

Da aka watse, Gwaggo ta sa aka shigo da kaya, ta zaunar da mu a falo. Ni a tabarma, ina danna auduga a hannu.

"Lubega," ta ce. Karon farko ke nan da ta kira sunansa. "Yau ka yi mini ƙarya biyu. Ta mota, wannan na san ba a cikin kanka aka ƙera ta ba. Ta but kuma ka yi ta ne don ka rufa wa wannan mara kunyar asiri, ta kuwa tsaya tana kallo kana gumi. Ta motar kuwa ka fasa ta da bakinka a gaban mutane, ba wanda ya matsa maka." Ta shafa yadin shuɗin. "Mijin Rehema wata huɗu ke nan ba a san inda yake ba, shi da motar. Ban gaya wa kowa ba, don ni na cire masa ƙyaure."

Na ɗago kai. Ta harare ni, na mayar.

"Zan kai maganarka wurin yayana. Amma ranar da za ka dawo, ka zo a kan babur ɗinka. Kai kuma Badru, ka zo da baki ɗaya, ka bar sauran a Entebbe."

Na rako su bakin mota. Na ce, "Twaha, ka yafe mini." Ya kalli hannuna, ya ce in sa masa magani kada ya kumbura. Bai yi murmushi ba. Ya naɗe robar gilashin Hajji ya sa a aljihu, suka tafi a hankali kamar yadda suka zo.

Bayan la'asar ina wanke tukwane saƙonsa ya shigo.

"Na gaya wa Hajji komai, ya yi dariya har ya yi tari, ya ce in gaida Gwaggo. Na yafe. Amma tambaya ɗaya, ki ba ni amsa tsakaninki da Allah. Akwai wani abin kuma da kika ce ina da shi wanda ban sani ba?"

Na goge hannu a zani. Na rubuta "Babu." Na tura. Na ga alamar ya karanta, har ya turo mini hoton zuciya.

Ko minti biyu ba a yi ba wayar ta sake ƙara. Saƙon murya ne daga Baba, daga Masaka. Na kara a kunne.

"Namutebi, gwaggonki ta kira ni, ta yaba da yaron ƙwarai. Madalla. Ta ce ba shi da mota, wannan ba komai, mota ai ƙarfe ce. Mutumin da ya gina bene mai ɗaki huɗu a Muyenga, kamar yadda kika gaya mini da azumi, ya san abin da yake yi. Yayanki Nsubuga zai shigo Kampala ranar Laraba. Ki gaya wa yaron ya kai shi ya ga gidan."